Karkanda: Suna da Sura, Ba Mai Su

Akwai kalmomin da muka gada ba tare da mun taɓa ganin masu su ba. “Karkanda” na cikinsu. Daga Larabci ta shigo mana, Larabawa kuwa daga Farisanci suka aro ta. Na san asalinta, na san lafazinta, amma idan an ambace ta, abin da ke faɗo mini a rai zane ne: wanda Bajamushe Albrecht Dürer ya yi a 1515.

A shekarar ce aka kai wata karkanda daga Gujarat ta Indiya zuwa Lisbon, kyauta ga Sarki Manuwel na Ɗaya. Dürer yana Nuremberg, bai gan ta ba. Wasiƙa da ɗan zane ne suka iske shi. Sai ya suranta ta cikin sulke kamar mayaƙi, har ya ƙara mata ƙaramin ƙaho a doro. Dabbar ta nutse a teku a 1516, kan hanyar kai ta ga Paparoma. Zanen kuwa ya yi fiye da shekara 200 yana yawo cikin littattafan Turai a matsayin gaskiya.

Sulken nan shi ke damuna, domin yana sa mai kallo ya ɗauka babu abin da zai taɓa ta. Alhali fatarta ba ta tare harsashi. Ƙahon da ake kashe ta dominsa, sinadarinsa ɗaya da na farce da gashi, amma ana sayensa da tsada a Biyetnam da Sin da sunan magani, kamar yadda aka daɗe ana ƙotar wuƙa da shi a Yaman. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977, duk da haka a 2014 ɓarayin daji sun kashe 1,215 a Afirka ta Kudu kaɗai.

Kada mu ce abin na nesa ne. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe. An neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 ƙungiyar IUCN ta bayyana ƙarewarta. A duwatsun Jado ma, cikin ƙasarmu, mutanen da sun sassaƙa siffar karkanda tun Sahara tana da ruwa da ciyawa. Waccan, fari ne ya kore ta a hankali. Ta Kamaru, bindiga ce ta gama da ita cikin ƴan shekaru.

A aji ana koya mana cewa kalma ba ta dogara da abin da take nunawa, tana iya rayuwa bayansa. Gaskiya ne, sai dai gaskiya ce mai ɗaci. Wasunmu za su rubuta ƙamusun Hausa nan gaba. Idan suka iso harafin K, ina fata su rubuta “dabba ce mai ƙaho a hanci”, ba tare da sun ƙara “wadda aka taɓa yi” ba.