Yadda Na Zama Ɗan Duba a Ƙasar Amurka

Jama'a, na san da ganin kan wannan magana wasunku za su ce, "To, shi kuma wannan karatu aka tura shi ko bugun ƙasa?" Ku kwantar da hankalinku, ban taɓa zana ƙasa ba. Amma duk da haka na yi wata biyar cur ina gaya wa mutane abin da zai faru jibi, suna kuwa gaskata ni, har wani bawan Allah ya yi hasarar kuɗin hayarsa a kan maganata. Abin ya faru ne a kan wasan ƙwallo, ga kuwa yadda aka yi.

A cikin watan Agusta na 2007 na sauka a garin Madison, cikin jihar Wisconsin, domin ƙaro ilmi. Na sami ɗaki a gidan wani dattijo wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse, ya zuba 'yan haya biyar don su ɗebe masa kewa. Tun ranar farko na soma kiransa Baba, da na gaya masa ma'anar kalmar kuwa sai ya ce kada in sake kiransa da wani suna.

Ran Alhamis ta ƙarshen watan na shiga kicin, sai na ga takarda manne a jikin firji, an jera sunayen ƙungiyoyi biyu-biyu, ga kuma wani gwangwani a gefe. Baba ya ce wannan ita ce al'adar gidan tun shekaru aru-aru. Kowane mako yakan rubuta wasannin da za a yi, kowa ya canki waɗanda za su ci, ya jefa dala ɗaya a gwangwani, wanda ya fi dacewa ya kwashe. Na ce, "Baba, addinina ya hana caca." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, kai kada ka sa kuɗi, kada kuma ka ɗauka, amma sunanka sai ya hau takarda, don ba na son a bar kowa a baya a gidan nan." Na tuna an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Na karɓi biro.

Kafin in ci gaba, ya kamata in ɗan bayyana wasan, don ba irin tamaular da muka sani ba ce. Ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa. Kowane gefe mutum 11 ne, filin kuwa yadi 100. Ana ba masu ƙwallo dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya sami 3. Akwai ɗan wasa guda wanda shi ke jefa ƙwallo, shi ke kuma ba da umarni, ni dai madugu nake ce masa. Jami'o'i na yin nasu ran Asabar, ƙwararru kuma, watau ƙungiyoyi 32 na NFL, yawanci ran Lahadi. A wancan lokaci kowace ƙungiyar ƙwararru wasa 16 take yi kafin zagayen kifa-ɗaya-ƙwala, sai a 2021 aka mai da shi 17.

Takardar farko wasannin jami'o'i ne kaɗai a kanta, domin ƙwararru ba su fara ba sai mako na gaba. Baba ya nuna mini layi ɗaya ya ce, "Wannan kyauta ce na sa don baƙo." Jami'ar Michigan ce, wadda 'yan jarida suka sa ta biyar a duk ƙasar, za ta kara da wata ƙaramar makaranta ta cikin duwatsu mai suna Appalachian State. Har dala 400,000 aka biya ƙaramar don ta zo a lallasa ta a gaban mutum fiye da 100,000. Dukanmu shida muka canki Michigan. Ran 1 ga Satumba aka tashi 34 da 32, ƙaramar ce ta ci, bayan ta tare bugun ƙarshe da Michigan ta yi. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da ina da wayo, da a ranar na koyi duk abin da ya kamata in koya. Amma ina!

Sannu a hankali na gane ashe wannan canki-canka ba ta gidanmu ce kaɗai ba, ta ƙasar ce baki ɗaya. Tun 1936 kamfanin labarai na AP yake tattara ra'ayin 'yan jarida kowane mako ya jera jami'o'i bisa ƙarfinsu. Jaridu suna da masu hasashe, gidajen talbijin ma haka. Akwai wani tsohon mai horad da 'yan wasa, Lee Corso, wanda tun 1996 kowace safiyar Asabar yakan ɗauko ƙaton kan dabba ko na wani gunkin ƙungiyar da ya canka ya kifa a kansa, ɗalibai su yi ta sowa. Bai daina ba sai a 2025, yana da shekara 90. Can a birnin Las Vegas kuwa, masu gidajen caca suna fid da abin da zan kira rata. In ƙungiya ta fi ƙarfi, sai a ce ta ba abokiyar karawarta ratar maki 7, misali, watau wanda ya zuba kuɗi a kanta ba zai ci ba sai ta yi nasara da fiye da haka. Yawanci kuma sai ka zuba 110 kafin ka ci 100. Masu lissafi sun nuna cewa da wannan tsari, sai mutum ya dace fiye da sau 52 cikin 100 kafin ma ya mai da uwar kuɗinsa.

To, ni da ma mutum ne mai son a ce ya sani. Na shiga karatun wasan nan kamar za a yi mini jarrabawa. Na sayi littafin rubutu na musamman, ina rubuta wanda ya ji rauni, da wanda ke wasa a gida, da inda za a yi iska ko ƙanƙara. Ko cikin azumi, bayan sahur, maimakon in koma barci sai in buɗe shafin wasanni. Kafin ƙarshen Nuwamba na zo na ɗaya sau huɗu. Tun da ba na ɗaukar kuɗi, na biyu ke kwashe gwangwani, ni kuwa in kwashe yabo, wanda a wurina ya fi dala daɗi. 'Yan gidan suka sa mini suna Boka, ina jin daɗi, alhali kuwa a gida wanda ya kira ni haka sai an raba mu.

Yanzu da nake duba littafin nan, na ga sanin nawa bai taka kara ya karya ba. A shekarar, ƙungiyar New England Patriots ta ci wasanninta 16 duka, Miami Dolphins kuma ta sha kaye 13 a jere kafin ta ci ɗaya. Duk wanda ya bi ta farko ya guji ta biyu, ya sami biyu a banza kusan kowane mako. Ranar da abin mamaki ya faru kuwa, kamar ran 6 ga Oktoba da Stanford ta ka da USC 24 da 23 bayan an ba ta ratar wajen maki 41, tare da kowa na faɗi. Sai dai mutum ba ya tuna faɗuwarsa, dacensa yake ƙirgawa.

Cikin 'yan hayar akwai wani yaro, ɗan ƙauyen jihar, wanda ke karatu da rana, da dare yana wanke kwanuka a gidan abinci. Shi ya koya mini sayen rigar sanyi, shi ya kai ni masallaci da motarsa ran Sallah. A tsakiyar Janairu na 2008 ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Boka, gaya mini gaskiya, Packers za su ci ran Lahadi?" Packers ita ce ƙungiyar garin Green Bay, abin alfaharin jihar duka, ranar kuwa za ta kara da New York Giants, wanda ya ci ya tafi wasan ƙarshe, Super Bowl.

Na buɗe littafina kamar malami. Na ce Packers sun ci 13 cikin 16, Giants 10 kacal. Na ce tun cikin Satumba sun ka da Giants 35 da 13. Na ce a gida za su yi, cikin sanyin da baƙo ba zai jure ba, ga madugunsu Brett Favre ya ga jiya ya ga yau, na Giants kuwa, Eli Manning, sau 20 ana cafke masa jifa a kakar. Akwai wani layi a littafin da na tsallake, cewa Giants sun ci wasa 9 a jere ba a gidansu ba. Na gan shi, amma zai ɓata mini bayani. Yaron ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Ko shakka babu." Ban ce in Allah ya so ba. Ban kuma tambaye shi me ya sa yake tambaya ba, domin a zuciyata na sani.

Ran 20 ga Janairu muka taru a gaban talbijin. A filin Lambeau sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Mai bugun Giants ya ɓarar da bugu biyu a ƙarshen wasa, aka tashi 20 da 20, aka ƙara lokaci. Ƙwallo na hannun Packers, muka ce shi ke nan. Sai Favre ya jefa, wani ɗan Giants ya cafke. Mai bugun nan da ya kasa sau biyu ya zo ya buga daga yadi 47, ta shiga. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na waiwaya, na ga yaron ya kifa kai a gwiwa. Ashe dala 600 ya ba wani mai karɓar caca a ɓoye, kuɗin hayarsa da na abincinsa.

Daren nan ban runtsa ba. Na yi ta gaya wa kaina ai ni ban taɓa sa ko anini a gwangwani ba. Amma abokin ɓarawo ɓarawo ne. Hannuna bai yi caca ba, bakina ya yi. Na tuna yadda mahaifina ke kore mu in ya gan mu mun tsaya kallon mai bugun ƙasa a bakin kasuwa, yana cewa ba zanen ne laifin ba, laifin shi ne ya ce ya san abin da ba wanda ya sani sai Allah. Da safe na je na ce wa yaron, "Abokina, ka yafe mini, na ce na tabbata alhali ban tabbata ba." Ya ce, "Ai ni na zuba, ba kai ba." Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Baba ya yarda ya biya da kaɗan-kaɗan, ya rage masa wani abu a kan ya riƙa kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Ni ma na ɗauki shebur, muka yi ta yi tare har sanyi ya wuce.

Bayan mako biyu takarda ta ƙarshe ta hau firji, wasa ɗaya tak a kanta. Patriots, waɗanda suka ci 18 ba faɗuwa, da Giants. Kowa ya canki Patriots. Ni na canki Giants, na kuma faɗa a fili cewa ba da sani na yi ba, don kawai suna da wani ɗan wasa, Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Ran 3 ga Fabrairu Giants suka ci 17 da 14. Baba ya daka tsalle ya ce, "Boka ya dawo!" Na ce, "A'a Baba, da na yi karatu na faɗi, da na yi son kai na dace, ka ga ke nan babu boka a gidan nan." Na roƙe su su bar kirana da sunan.

Yau abin ya wuce gwangwani. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, yanzu a jihohi da yawa da wayar hannu ake yinta, masu hasashe kuwa sun cika intanet, kowa na cewa ya tabbata. Ba na cewa nazarin wasa laifi ne, har gobe in kaka ta zo nakan yi hasashena don nishaɗi. Amma 'yan'uwana ɗalibai, mu da jama'a ke ɗauka mun sani, mu lura da bakinmu. In an tambaye ka abin da zai faru gobe, faɗi abin da ka gani duka, har da layin da zai ɓata maka bayani, sa'an nan ka tambayi mai tambayar me zai yi da amsar. Allah ya sa mu dace, amin.