Shirin Tafiya Ada, Inda Kogin Volta Ya Haɗu Da Teku

Daga Nima ko Maamobi zuwa bakin teku a La tafiya ce ta 'yan kilomita kaɗan, amma in ka tambayi dattawan Zango yaushe rabonsu da zama a bakin ruwa don su huta, da yawansu dariya za su yi maka. A wurinmu tafiya ba ta wuce ta fatauci, ko ta biki da gaisuwar mutuwa, sai kuwa aikin Hajji ga wanda Allah ya hore wa. Fita don shan iska kawai, ana ganin wannan aikin Turawa ne da manyan ma'aikata. Abin da hakan ya jawo shi ne, yaranmu su kaɗai ke zuwa teku, galibi washegarin Sallah, cikin turmutsitsi, ba wani babba tare da su, kuma yawancinsu ba su iya iyo ba. Sau nawa muka ji an dawo gida babu yaro guda? Hana su zuwa bai yi amfani ba, domin ba a hana yaro abin da yake hange daga bayan gidansu. Saboda haka mu wasu malaman makaranta da iyalanmu muka yi shawara mu kai su da kanmu, mu zauna tare da su kwana uku, su san ruwa da hatsarinsa a gaban iyayensu. Ga yadda muka tsara abin, ko wani zai amfana.

Mun daɗe muna muhawara a kan inda za a je. Wasu suka ce Cape Coast da Elmina. Lalle wurare ne da ya kamata kowane yaro ya gani, musamman ganuwar Elmina wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, amma makarantu sukan kai ɗalibai can, kuma wanda ya shiga kurkukun bayi ya fito ba ya da zuciyar wasa a bakin ruwa a wannan yini. Labadi da Kokrobite suna kusa, sai dai kiɗa da shaye-shayen ƙarshen mako ba za su bar mutum ya saki jiki da matarsa da 'ya'yansa mata ba. Daga ƙarshe muka tsaya a kan Ada Foah, garin da ke gabas da Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran Accra, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. A nan ne kogin Volta ke ƙare doguwar tafiyarsa daga ƙasar Burkina Faso ya zuba cikin teku. Akwai wani siririn tudun yashi mai itatuwan kwakwa wajen ƙauyen Azizanya, inda mutum zai tsaya ya ga teku na ta haushi a hannu guda, a ɗaya hannun kuwa kogi kwance shiru kamar ruwan randa.

Wani abin da ya ƙara ja mu shi ne, Ada ba baƙon wuri ba ne ga tarihin Zango, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka san haka. Yamma da garin akwai babban tafkin gishiri na Songor. Tun kafin a yi hanyar mota, mutanen Ada kan loda gishirin nan cikin kwalekwale su haura kogi da shi har Kete-Krachi, inda fatake Hausawa ke jiransa su wuce da shi arewa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da yawan fataken can suka koma Kete, cikinsu har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a garin har rasuwarsa a 1934. Tsohon garin Kete yau yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse kogin a Akosombo cikin shekarun 1960. To, yaron da ya tsaya a gaɓar Ada ya ga kwalekwale na haurawa, ya ga farkon hanyar da gishirin miyar kakanninsa ya bi. Har ila yau, a 1873 wani Bature ɗan Ingila mai suna Kyaftin Glover, wanda ya taɓa riƙon Ikko, ya yi sansani a Ada da sojojinsa Hausawa, yana shirin shiga yaƙin da Ingila ta yi da Asante, wanda ya kai ga cin Kumasi a Fabrairun 1874. Daga irin waɗannan sojoji ne aka kafa rundunar 'yan sandan Gwalkwas a 1879, kuma da dama cikinsu da suka ajiye aiki ba su koma gida ba, suka zauna a zangunan kudu suka yi iyali. Ba abin alfahari ba ne duka, domin yaƙin wani suka yi wa wani, amma tarihinmu ne, gara yara su ji shi daga bakinmu.

Sai maganar lokaci, kuma a nan mutane kan yi kuskure. Dogon hutun makaranta yana zuwa ne a Agusta, sai kowa ya ɗauka shi ne lokacin zuwa teku. Alhali a bakin tekun Ghana, Agusta wata ne na hadari-hadari da sanyi: rana ba ta cika fitowa ba, ruwan ya yi sanyi, igiya ta yi ƙarfi. Kuma a makon farko na watan ne mutanen Ada ke bikinsu na Asafotufiami, na tunawa da mayaƙansu na dā, da harbe-harben bindigar gargajiya, gari ya cika maƙil, ɗaki ya yi wuya. Mai son kallon biki sai ya je, amma mai neman hutu ya kauce. Mayu da Yuni kuwa tsakiyar damina ce. Rana sosai sai daga Nuwamba zuwa Maris. Don haka muka zaɓi hutun ƙarshen shekara, wanda a 'yan shekarun nan ke zuwa kafin azumi, tun da azumin 2026 ma cikin Fabrairu ya kama. Sai dai Disamba na da nasa ciwon. Tun daga 2019, shekarar da gwamnati ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da sauran ƙasashe su zo ganin gida, baƙi kan cika ƙasar nan a wannan wata, kuɗin masauki ya hau. Dabarar ita ce a guje wa ranar Kirsimeti da ta Sabuwar Shekara da kuma Asabar da Lahadi. Mu Talata za mu tashi, mu dawo Alhamis.

Hanya ba ta da wuya. Ana samun trotro mai zuwa Ada a Tudu, ana kuma samu a Tema. Za a bi babbar hanyar Tema wadda aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, a ɗauki hanyar Aflao, a wuce Dawhenya da Sege, in an kai Kasseh sai a karya dama, a bi ta Big Ada a gangara Ada Foah. In hanya ta yi kyau awa biyu ne zuwa uku, amma cunkoson Tema zuwa Dawhenya na iya cinye safiyar mutum ɗungum. Saboda haka da an sallame sallar Asuba za mu tashi. Da yake muna da tsofaffi biyu da goyo, mun ga ya fi mu ɗauki shatar mota guda, a yi ciniki da direba har da ranar da zai dawo ɗaukarmu, a ba shi rabi, sauran sai ya zo.

Masauki a Ada iri-iri ne. Akwai manyan otal a bakin kogi, masu wurin iyo da jiragen gudu, waɗannan ba na albashin malamin makaranta ba ne, kuma ƙarshen mako ba a barci saboda kiɗa. Akwai bukkoki na ganyen kwakwa can bakin mahaɗar ruwan, sai da kwalekwale ake isa. Samari za su so su, amma wuta da ruwan wanka ba su da tabbas, kuma in yaro ya kwana da zazzaɓi asibiti ya yi nisa. Mu ƙaramin gidan baƙi muka nema a cikin gari, mai tsakar gida, wanda zai yarda matanmu su ɗora tukunya. Shawararmu ita ce kada a tura wa kowa kuɗi ta waya saboda hoton ɗaki da aka gani. A tura mutum guda ya je ya gani da idonsa, ya buɗe famfo, ya leƙa bayan gida, ya tambaya ko akwai gidan sauro, domin gari ne na bakin kogi, sauro ba ya wasa. Kuɗin motar wannan ɗan aike ba asara ba ne.

Kuɗin tafiya kuwa adashi muka yi, wata shida, kowane gida na zubawa da an yi albashi. Muka raba shi kashi huɗu: mota, masauki, abinci da kwalekwale, na huɗun kuma aka ɗaure shi a hannun wata Hajiya da ba a iya roƙo, ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko lalacewar mota. Kowa ya riƙo katinsa na inshorar lafiya, ya duba tun yanzu ko bai mutu ba.

A kan abinci aka fi jayayya. Maza suka ce a tafi da shinkafa da wake da garin tuwo a dafa a can, ya fi araha. Wata malama daga cikinmu ta ce, "Malam, in mu za mu kwana uku a gindin murhu, to ku ne kuka je hutu, mu canjin kicin muka yi." Ba wanda ya iya amsa mata. Aka daidaita a kan koko da burodi da safe, samari su dafa, da rana a sayi dokunu ko banku da gasasshen kifi, da dare kuma a yi girki na karɓa-karɓa har da maza. Nama dai za mu bar shi sai mun dawo, sai in mun sami mahauci Musulmi a Kasseh. Ba a rasa komai ba, domin kifi ya wadata, ga kaguwa da jatan lande, ga kuma wani naman cikin kwanso da ake tono shi daga ƙasan kogi, mutanen wurin na ce masa adode, ana soya shi a tsire a tsinke. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne.

Sallah ma akwai sauƙi. Nisan Ada ya haura mil 48 da malamanmu suka ƙayyade, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka ƙasaru za mu yi. Ruwan teku yana alwala. Alƙibla kuwa, tun da teku na kudu, in ka bar shi a hannun damanka ka ɗan karkata arewa kaɗan, ka fuskanci gabas ke nan.

Yanzu ga babbar magana, wadda ita ce dalilin tafiyar. Tekun Ada ba wurin koyon iyo ba ne. Gaɓar na da gangara, igiya in ta bugo tana komawa da ƙarfi ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, akwai kuma wuraren da ruwa ke komawa ciki ta wata siririyar hanya kamar rafi. Wanda irin wannan ruwa ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Abin yi shi ne ya bi gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan, yana ɗaga hannu. Dokarmu ga yara ita ce ruwa kada ya wuce gwiwa, kada a juya wa teku baya, kuma kowane yaro uku da babba guda wanda ba ya riƙe da waya. Kogin ya fi kwanciya, amma shi ma yana da zurfi na ba-zata, kusa da mahaɗa kuma yana ja in teku na janyewa. Can sama inda ruwan ba gishiri, ga ciyawa, akwai tsargiya, wadda ta ƙaru a ƙasan Volta bayan datse kogin. Ba mai shiga kwalekwale sai da rigar ceto a jikinsa, ko da mai jirgin ya ce ba komai, kuma a gama ciniki a ƙasa kafin a hau. Mun riga mun yi niyyar neman wani masunci dattijo, a ba shi goro, ya zauna da yaran awa guda ya nuna musu yadda yake karanta ruwa. Abin da zai faɗa musu ya fi duk abin da muka koyo a kwalejin horon malamai.

Dare guda mun ware shi don kunkurun teku. Daga wajen Oktoba zuwa Maris sukan fito cikin dare su haƙa rami a yashin Ada su zuba ƙwai, cikinsu har da wani ƙato mai baya kamar fata wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo. Doka ta hana kama su ko kwasar ƙwansu, kuma ma'aikatan kula da namun daji na da ofis a Ada Foah, su ne ke raka masu son gani. Ba kullum ake dace ba, a gaya wa yara haka tun da wuri. Da safe kuma sai mu nuna musu inda ganuwar Kongenstein take, wadda Turawan Danmak suka gina a 1783. Teku ya cinye kusan dukanta, kamar yadda ya ci gidaje da yawa a wannan gaɓa kafin a jibge duwatsun kariya. Malamin labarin ƙasa da ke cikinmu ya ce ya shekara goma sha biyar yana zana zaizayar ƙasa a allo da alli, bana zai nuna ta da yatsa.

Ranar Alhamis za mu bar Ada da hantsi, don mu wuce Tema kafin ma'aikata su tashi. Za mu tsaya a Kasseh a sayi tsaraba, gishirin Songor da busasshen kifi da kwakwa, domin maƙwabta sun riga sun fara ba da saƙo.