Hisabin Da Na Buga Wa Aminiyata

Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in amayar ko na huta.

Muna aji biyar a makarantar kwana na tsinci wani tsohon littafi a adakar marigayi kakanmu, takardunsa duk sun yi ja, cike da hatimai da jadawalin haruffa. Da yake ina ɗan taɓa Larabci, ba a yi wata guda ba na gane kan hisabi. Kowane harafi da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har 1000. Ki haɗa sunan mutum da na mahaifiyarsa, ki yi ta zubar da 12, abin da ya rage shi ne burjinsa, ko na wuta, ko ƙasa, ko iska, ko ruwa. Kafin ki ce kwabo gadona ya zama fada. Kowace da sunan saurayinta a tafin hannu, ni kuwa sai hura hanci nake.

Ran nan aminiyata ta kawo nata. Yaro ne mai hankali, har iyayensa sun kai gaisuwa gidansu. Na buga, nata ya fito ruwa, nasa wuta. Wallahi da wasa na ce mata ruwa da wuta ba sa zama ɗaki ɗaya. Ta yi shiru. Ashe maganar ta shige ta, ana yin hutu ta ce ba ta yi, ta kuma ƙi gaya wa kowa dalili.

Da abin ya dame ni sai na fasa ƙwai a gida, aka kuwa kaure da gardama tsakanin Yaya da Goggo.

Yaya, da yake lissafi yake karanta a jami'a, cewa ya yi ilimi ne, bai kamata a ƙona shi ba. Ya zana hatimi mai gida 9, ya nuna mana ta duk inda aka haɗa 15 ake samu. Ya ce Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan irin waɗannan hatimai, har yau masana lissafi na ambatonsa. Sanin abu daban, in ji shi, aiki da shi daban.

Goggo malamar Islamiyya ce, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta tuna mana aya ta 102 a Suratul Baƙara, inda aka yi maganar masu koyon abin da ke raba miji da mata, yana cutar da su ba ya amfanarsu. Ta kawo hadisin da ke cikin Muslim cewa wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Sannan ta dube ni ta ce, "To ke da ake zuwa wajenki fa, 'yar nan?" Ta juya ga Yaya, "Kai kuma wa ka taɓa gani ta koyi miya ta ƙi ɗanɗanawa?"

Jikina ya yi sanyi, don ta faɗi gaskiya. A lokacin ko jarrabawa ba na shiga sai na ƙirga ranar, istihara kuwa na manta rabona da ita.

Abin mamaki, Yayan ne ya ƙarasa ni. Ya duba jadawalina ya ce ai iri biyu ne, na Gabas da na Magariba. Harafin sadi a wancan 90 ne, a wannan 60, don haka suna irin Nasiru yana iya zama 341, yana iya zama 311. Sunan yaron nan kuwa akwai sadi a ciki. Muka sake bugawa da ɗayan, wutar da na ce ta koma iska. Innalillahi! Ni dai bayan Goggo nake har gobe, amma ba zan ɓoye ba, karatun Yaya ne ya nuna mini ramin da na tura yarinyar mutane.

Na bar masa littafin, na tafi gidansu aminiyata ina kuka na zayyana mata komai. Lokacin har an sa wa yaron rana da wata. Ta saurare ni tsaf, ta share mini hawaye ta ce ta yafe. Har na yafa mayafi zan fito sai ta riƙo hannuna, ta rage murya ta ce, "Don Allah akwai wani da yake zuwa yanzu, ki buga mini nasa da ɗaya jadawalin."