Manyan Baki Ko Manyan Baƙi?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ban gane gaskiyar wannan magana ba sai a shekarar 2021, lokacin da na gama sakandare a garinmu Tsafe, mahaifina ya ga zaman banza zai yi mini yawa, ya tura ni Gusau wajen kawuna don in koyi buga takardu kafin sakamakon jarrabawa ya fito. Abin da na tsinta a can shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labari, musamman mu masu nazarin Hausa, waɗanda ko ba daɗe ko ba jima sai mun zauna gaban kwamfuta mun buga kundinmu na kammala digiri.

Shagon da aka kai ni ɗan ƙarami ne, a Sabon Gari. Kwamfuta uku ke ciki. Biyu suna ɗauke da Windows 7, ta ukun kuwa Windows XP ce, wadda ta fito tun 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da ita ran 8 ga Afrilu, 2014. Wato dai ta girme ni. Ita aka ba ni, don ni ne sabon yaro. Maigidan shagon dattijo ne, tsohon mai buga tafireta, wanda ya yi aikin gwamnati tun Zamfara na cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996. Baba muke ce masa. Ranar da na fara, sai ya zare linzamin kwamfutar, abin nan da wasu ke kira ɓera, ya jefa aljihun tebur ya kulle. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, hannun da ka zuwa wurin ɓera shi dawo, rabin yininai bisa hanya shika ƙarewa."

Na yi kwana uku ina jin haushinsa, daga nan yatsuna suka fara sabawa. Ya nuna mini cewa in na haɗa Ctrl da Esc jerin manhajoji zai buɗe, ko da allon madannan ba shi da maɓallin nan mai hoton taga. In yana da shi, to shi da E suna buɗe ma'ajiyar fayil, shi da D kuma suna kawar da duk tagogin da ke buɗe. Alt da Tab su ke kai mutum daga wannan aiki zuwa wancan. F2 na sake wa fayil suna. Shift da F10 suna yin aikin danna linzami ta dama. In manhaja ta ƙame, Ctrl da Shift da Esc za su fito da inda ake kashe ta ita kaɗai, ba sai an kashe injin duka ba. In wani ya kawo filash, a riƙe Shift yayin da ake soka shi, don kada abin da ke ciki ya buɗe kansa ya zuba wa injin cuta. A cikin Word kuwa, Shift da F3 suna juya ƙananan baƙaƙe su koma manya, Shift da F5 kuma suna mayar da kai daidai inda ka tsaya. Abu ɗaya ya hana ni, wato haɗa Shift da Delete, domin fayil ɗin da aka share ta haka ba ya biyawa ta kwandon shara, balle a je a ɗauko shi.

Ana nan sai watan Satumba ya kama, aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Aka tsayar da kasuwannin mako, aka kuma hana sayar da fetur a jarka, saboda haka ɗan man da ke cikin janaretanmu ya zama kamar zinariya. A cikin wannan hali ne wani tsoho ya shigo shagonmu da littafin rubutu ƙunshe cikin leda. Tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye na ƙasar Bungudu, wanda tashin hankali ya sa mutanensa suka watse, shi ya komo cikin garin Bungudu wajen 'yarsa. A littafin nan ya rubuta tarihin ƙauyensu da hannunsa: wa ya sari dajin, wa ya haifi wa, gonar wa ke iyaka da ta wa, wace rijiya aka fara ginawa. Shafi 84. Ya ce yana so a buga a yi kwafi goma, don in ɗaya ya ƙone wani ya tsira.

Baba ya miƙa mini aikin. Na duƙufa, cikin kwana huɗu na gama, ina ta jin kaina. Da Malam ya dawo sai ya sa tabarau ya fara karantawa. Bai wuce shafi na biyu ba ya ajiye takardar. Ya ce, "Yaro, ni na rubuta manyan baƙi sunka zo naɗin kakanmu, kai ka ce manyan baki. Na ce an yi faɗa bakin gulbi, kai ka gina fada bakin gulbi. Wanga ba maganata ta ba." Na ce, "Baba Malam, ai kwamfutar ce ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, kowa haka yake bugawa, mai karatu zai gane." Ya ce, "Kai ka gane don ina zaune gabanka. Jikana da za shi karanta bayan na mutu, wa za shi tambaya?"

Wallahi na rasa amsa. Baba ya ce abin da suke yi a zamanin tafireta shi ne a buga b da d da k, sa'an nan a bi su da biro ana yi musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Na dubi shafi 84 sau goma, na ji gabana ya faɗi. Ga shi ba intanet balle in nemo wata manhaja, ba waya balle in tambayi wani.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Can sai na tuna yadda Baba ke fitar da alamar naira in yana buga rasit: yakan rubuta 20A6, ya danna Alt da X, sai lambar ta rikiɗe ta zama ₦. Na ce a raina, in naira na da lamba, ashe ƙ ma ba za ta rasa ba. Da safe, da aka tayar da janareta, na danna maɓallin taga da R, na rubuta charmap kamar yadda na taɓa ganin ya yi, sai ga allon da ke nuna dukkan baƙaƙen da injin ya sani. A salon rubutun da muka saba da shi ban ga komai ba, domin Times New Roman na zamanin XP ba shi da su. Na yi ta sauya salo har na iso ga Lucida Sans Unicode. Ina gangarawa sai ga ƙ tana kallona, ga lambarta a ƙasan allon. Ashe shekara da shekaru tana cikin tsohuwar nan, ba wanda ya neme ta.

To, ga lambobin, mai karatu ya rubuta su a bayan littafinsa. Ƙananan su ne 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ. Manyan kuwa 0181 ga Ɓ, 018A ga Ɗ, 0198 ga Ƙ. Wanda ke bin ƙa'idar rubutun Nijar zai sami ƴ a 01B4. A rubuta lambar cikin Word, a danna Alt da X, shi ke nan. Amma akwai wani tarko da na faɗa tun a kalmar farko. Irin wannan lissafi yana ɗaukar a, b, c, d, e da f a matsayin lambobi, saboda haka da na zo rubuta baƙi, na buga ba sa'an nan 0199, sai Word ya haɗa su gaba ɗaya ya ƙi ba ni abin da nake so. Maganinsa shi ne a sa U+ kafin lambar, wato a rubuta U+0199, sai ya san inda ta fara.

Sai dai fitar da kowane baƙi ta wannan hanya yana cin lokaci, mu kuwa lokacinmu fetur ne. Nan Baba ya kawo tasa dabarar. Ya ce tun da Hausa ba ta amfani da q da v da x, in ara su: q ta tsaya wa ƙ, v ta tsaya wa ɓ, x ta tsaya wa ɗ. In an gama sai a danna Ctrl da H, a sa q a akwatin sama, a liƙa ƙ a na ƙasa, a zaɓi wurin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami, a musanya duka lokaci guda. A dai kula da baƙin sunaye masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe, kada su ma a yi musu ƙugiya.

Wannan dabara ta sabon aiki ce. Wanda na riga na ɓata kuwa, ba injin da zai gyara shi, domin kwamfuta ba ta san inda kafa take nufin ƙafa ba, ko inda bari ya zama ɓari. Dole Malam ya zauna kusa da ni, ina tsayawa a kan kowace b da d da k, shi yana cewa "ƙugiya" ko "wuce". A rana ta biyu janareta ya mutu da mu, shafi goma sha ɗaya suka tafi don na shagala ban danna Ctrl da S ba. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mu da munka baro gari guda, shafi goma sha ɗaya za su ba mu tsoro? Mu koma." Tun daga ranar, ko wasiƙa nake bugawa, duk ƙarshen sakin layi sai ɗan yatsana ya kai ga S ba tare da na sani ba.

Kwana shida muka yi. Da aka gama ya bi kwafin farko da yatsa har ƙarshe, ya sami kure uku, na gyara. Ya biya Baba, ni kuma ya ba ni goro biyu, ya ce, "Yanzu ka rubuta Hausa." A cikin kwanakin nan shida ne na yanke shawarar abin da zan karanta a jami'a.

Ya ku 'yan'uwana, waɗannan baƙaƙe sun zauna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin su Dokta Rupert East a Zariya, kuma da su aka raini masu karatu tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Waɗanda suka gabace mu sun bi su da biro ba su gaji ba. Yau ga madannan Hausa har a wayoyinmu, amma sau nawa muke ganin takardar sanarwa, kai har da ta taron Hausa, tana gayyatar manyan baki? In an yi magana sai mu ce laifin inji ne. Ni dai na ga injin da ya girme ni ya rubuta ƙ, a garin da ba waya ba intanet. Saboda haka duk wanda ya kai aikinsa shago aka ce masa kwamfutarsu tsohuwa ce ba ta iyawa, ya ja kujera ya zauna, cikin ladabi, ya nuna musu lambobin nan.

Malam ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa. Na sami labari wajen Baba cewa kwafi goman nan suna hannun 'ya'yansa da jikoki, wasu a Bungudu, wasu a Gusau, ɗaya har Kaduna. Ƙauyen dai har ya rasu bai koma ba, amma iyakar gonar kowa tana nan a rubuce, kuma ba mai karanta ta ya ɗauki ƙasa a matsayin kasa.