Yadda Na Kusa Rasa Hannun Baffa

Baffana masaƙi ne, kuma shi ne na ƙarshe da ya riƙe sana'ar a zuriyarmu. A damunar 2021, da na je gida hutun makaranta, sai na lallaɓe shi ya yarda in ɗauke shi a bidiyo yana aiki. Da fari ya ƙi, ya ce da ni, "Kai Malam, me za ka yi da hoton tsoho da zare?" Na dai yi ta roƙonsa har ya amince. Na ɗauki guda biyu da wayata. Na farko minti 25 ne, yana shimfiɗa zare yana jera fari da baƙi yadda za su fitar da saƙi. Na biyu minti 50, yana zaune yana wurga ƙoshiya yana ba ni labarin waɗanda ya koya a wurinsu.

Allah ya yi masa rasuwa a 2023. Bayan an share makoki, 'yan'uwa da ke warwatse a garuruwa suka shiga kirana, kowa yana son a tura masa. A nan ne na gane cewa ɗaukar bidiyo daban, raba shi daban. Na farkon nauyinsa gigabayit 3 ne, na biyun kuwa 6. Babu wanda zai iya sayen datar sauke wannan kaya a cikinmu, ni ma ba ni da ta aikawa.

Sai na yi abin da mai gaggawa yake yi. Na sauko da wata manhaja ta waya, irin waɗanda ke alkawarin matse bidiyo da taɓa maɓalli ɗaya. Na ba ta bidiyon farko, ta mayar da shi megabayit 40. Na kalli farkonsa a tsaitsaye, na ga fuskar Baffa ta fito, na yi murna na tura. Da yake wayar ta daɗe tana kukan cika, sai na goge na asalin. Washegari babbar 'yar marigayin ta kira ni ta ce, "Malam, ai ba a ganin zaren. Hannun Baba kamar an shafa masa koko." Na koma na duba da kyau. Gaskiyarta. Duk inda hannunsa ya motsa sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, farin zare da baƙi suka gauraye suka zama toka-toka. Abin da na ɗauki bidiyon dominsa shi ne ya tafi, ga kuma tambarin manhajar manne a gefe. Da na sani ƙeya ce.

Saura guda ɗaya ke nan a hannuna, don haka ban sake taɓa shi ba sai da na nemi wani tsohon ɗalibina da ke gyaran kwamfuta a kasuwa. Yaron da na koya wa taƙaita labari a aji uku, shi ne ya zaunar da ni a benci yana koya mini. Abin da na fahimta daga bayaninsa shi ne wannan. Bidiyo jerin hotuna ne, wajen 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Manhajar matsewa ba ta adana kowane hoto ɗungurungum. Takan ajiye cikakke jefi-jefi, a tsakani kuwa sai ta riƙa rubuta abin da ya canza kaɗai, sannan ta zubar da ƙananan abubuwan da take zaton ido ba zai lura da su ba. Shi ya sa bangon da ke tsaye ba ya cin wuri, amma hannu mai motsi da siririn zare suna ci. Idan aka matsa mata lamba, su take fara zubarwa. Kuma abin da ta zubar ba ya dawowa har abada. Waɗanda suka san zamanin kaset za su tuna yadda hoto ke dusashewa in an kwafa daga kwafe. To haka bidiyon da aka matse aka sake matsewa yake.

Na tambaye shi, to wace manhaja ce ta fi? Ya yi dariya ya ce, "Malam, kafin manhaja akwai tsari." Ashe akwai tsare-tsaren matsewa iri-iri. Akwai H.264 wanda aka fitar a 2003, kuma kusan kowace waya da talabijin suna iya buɗe shi. Akwai H.265 na 2013, wanda aka tsara domin ya ba da kyan hoto iri ɗaya da kusan rabin nauyi, sai dai ya fi cin lokaci wajen matsewa, kuma wasu tsofaffin wayoyi sukan gaza buɗe shi. Akwai kuma AV1 na 2018, wanda ya ƙara gaba wajen rage nauyi, amma yana son na'ura mai ƙarfi. Manhajoji da dama waɗannan tsare-tsare suke amfani da su a ciki. Bambancinsu shi ne, wata takan bar ka ka zaɓi abin da za a zubar, wata kuwa ta yanke maka hukunci a ɓoye.

Ya nuna mini guda biyu, dukansu kyauta, babu talla babu tambari. Ɗaya ita ce FFmpeg, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara a 2000. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma sai ka rubuta mata umarni da hannu, harafi ɗaya ya kuskure ta ƙi. Na ce wannan ta fi ƙarfina. Ɗayar ita ce HandBrake, wadda ta fito tun 2003, tana da maɓallai da akwatunan zaɓi da mutum irina zai iya bi. Ita na ɗauka, ba don ta fi 'yar'uwarta gwaninta ba, sai don ita ce zan iya sarrafawa ni kaɗai a daren da ɗalibina ba ya kusa.

A cikinta akwai wata lamba da ake kira RF, wadda a tsarin H.264 take tashi daga 0 zuwa 51. Abin mamaki, ƙaramar lamba ita ce hoto mai kyau da nauyi, babba kuma hoto mai rauni maras nauyi. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce, in ka ƙara 6 nauyin hoton yakan ragu da kamar rabi. Maimakon mu matse duka minti 50 mu zauna jira, sai muka yanko minti ɗaya daga wurin da ya fi wuya, wato inda ƙoshiya ke kai da komo. Muka rage girman hoton daga 1080 zuwa 720, tunda a waya za a kalla. A lamba 28 mintin ya zama megabayit 7, amma zaren ya fara narkewa. A lamba 22 ya zama 12, kuma ina iya ƙirga layukan saƙin da idona. Muka tsaya a nan. Sauti kuwa muka bar shi a 128, wanda bai wuce megabayit ɗaya a minti ba, domin muryar Baffa ba wurin yin tsimi ba ne.

Mun gwada H.265 ma, ya kuwa fi sauƙin nauyi, har na so in ɗauke shi. Sai na tuna wayar Yaya tsohuwa ce, wadda ɗanta ya bar mata. Me ke amfanin ƙaramin bidiyon da mai shi ba za ta iya buɗewa ba? Muka koma H.264, muka sa na'urar ta yi aikin a hankali, domin in aka ba ta lokaci takan fi iya tattalin wuri. Sau ɗaya wuta ta ɗauke muka sake daga farko. Da magariba gigabayit 6 ya koma megabayit 600 ko kusa da haka. Na raba shi uku don kowa ya sauke gwargwadon datarsa, na aika ta WhatsApp a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba, don kada a sake matse shi a hanya. Tun 2022 wannan hanya tana ɗaukar har gigabayit 2.

Da dare Yaya ta kira. Ba ta ce komai a kan kyan hoto ba. Cewa ta yi, "Ka ga ɗan yatsan nan nasa da ya lanƙwashe? Tun ina yarinya haka yake." Ta yi shiru, ni ma na yi shiru.

Na kawo wannan labari ne a wannan fili domin na san da yawa daga cikinmu yanzu muna ɗaukar hira da dattawa, da karatun waƙa, da wasannin kwaikwayon ɗalibanmu, duk a waya. Kafin ka zaɓi manhaja, ɗan'uwa, ka fara sanin abin da ba ka yarda a zubar ba a cikin bidiyonka, da kuma irin wayar wanda zai kalla. Ka guji wadda ba ta ba ka damar zaɓe. Ka gwada da minti ɗaya, ka kalle shi har ƙarshe. Sannan, kome cikar wayarka, kada ka goge na asali sai ka kwafe shi a wuri biyu, kamar yadda ba ka yar da rubutun hannunka don an buga littafin.

Bidiyon saƙar yana nan, na asali a kwamfutata da kuma a wani faifai da na ba Yaya ajiya. Na shimfiɗa zaren kuwa, wancan dusasshen mai megabayit 40 shi kaɗai ya rage. Nakan kalle shi wani lokaci, in ga Baffa ya sunkuya yana jera abin da ba na iya gani. Allah ya jiƙansa, ya sa mu cika da imani.