Milimita Uku

Abin da nake yi da dare a ɗakinmu na site ba shi da suna a Hausa, kuma wannan ya fi damuna a kan surutun da ake yi a kaina. Abokin ɗakina yana ce masa maket, da kalmar Faransanci. Inna ta ce motar wasa, ta bi da "Allah ya shirya". Ni kuwa in an matsa mini sai in ce motar haɗi, don a warwatse take zuwa cikin kwali, ƙananan sassa na roba manne a jikin wasu ƴan sanduna kamar tsaba a zangarniya. Kai za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge, ka manna, ka shafa fenti, har mota ta tashi, wadda za ta zauna daram a tafin hannunka.

Ba saye na yi ba. Yayana yana cikin masu kawo motocin hannu daga Kwatano, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san mota ba ta zuwa ita kaɗai. Ana samun takalmi wari guda, da tsofaffin kasakasai, da laima. A but ɗin wata da ta fito daga Amurka ya tsinci kwalin, rana ta ci launinsa, amma ledar ciki ba a ko buɗe ba. Ya miƙo mini ya ce, "Kai da ke son abin da ba ya kawo kuɗi, ga naka."

Ford ce ta 1932, mai ƙofa biyu. Sai da na yi ta karatu kafin in gane wace irin mota ce ta faɗo hannuna. A shekarar ne kamfanin Ford ya sa inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8, a motar da talaka zai iya saye. Ƙarfin doki 65 ne kacal, abin da ƙaramar mota ta yau za ta yi wa dariya, amma a lokacin babban abu ne. Da motocin suka tsufa suka yi araha, sai samarin kudancin Kalifoniya suka dinga sayensu suna cire duk abin da ke da nauyi: marufin tayoyi, bamba, wani lokaci har rufin inji. Su fita hamada, kan busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu don abin ya yi tsari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da ilmin kanikanci da ɗan kuɗi a aljihu, abin ya ƙara bunƙasa, har aka fara buga mujalla mai suna Hot Rod a 1948. Sunan ke nan da ake kiran irin waɗannan motoci da shi.

Su kuma kamfanonin roba, irin su AMT da Revell da Monogram, sai suka lura cewa ƙannen waɗannan samari ba su isa tuƙi ba amma ransu na biyawa. Tun ƙarshen shekarun 1950 AMT ta fara sayar da kwali mai zaɓi uku: ka haɗa motar yadda ta fito daga kamfani, ko ka yi mata kwalliya, ko ka mai da ita ta tsere. Wannan ya ba ni mamaki. Takardar umarni ce da kanta ke ce maka ba dole ne ka bi ta ba.

Ma'aunin shi ne ɗaya bisa 25. Wato kowane santimita a teburina santimita 25 ne a mota ta gaske. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Ford ɗin akwai inci 106, kusan mita 2.7. A tawa bai cika santimita 11 ba. In ka saba da wannan lissafi sai idonka ya canza. Ɗigon gam da ya zarce, a ma'aunin motar ya kai girman tuwo malmala guda. Gashin buroshi ɗaya da ya maƙale a fenti ya zama igiya.

Da hutu na tafi da kwalin Maradi, kuma a nan ne maganar ta shiga hannun Kawu.

Kawuna bakanike ne, ya fi shekara arba'in a gareji. Lokacin da na ci birbe ya so in zo wurinsa in koyi aiki, ni kuma na zaɓi lise. Bai yi faɗa ba. Shi ba mai faɗa ba ne. Amma daga ranar maganarmu ta tsaya a kan "ina kwana" da "ya karatu", shekara bakwai. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya shiga ƙarƙashin mota, yana zaune ne a benci yana sauraren inji yana gaya wa yara inda ciwon yake. Ni kuma memwar ɗina a kan kalmomin gareji nake son in rubuta shi, ga wanda ya fi kowa saninsu a gidanmu, amma ban san ta inda zan shiga ba. Ba a zuwa wa Kawu da kaye da bik.

A zaure ya same ni ina goge injin, wanda bai wuce babban yatsa ba. Ya tsaya a kaina ya daɗe. Sannan ya ce, "Mi ne ne wanga?" Na ce inji ne, Kawu. Ya karɓa, ya kai shi dab da ido, ya juya, ya shafa da farce. Ya ƙirga ramukan buji, huɗu nan, huɗu can. Sai ya ce, "To ina supap ɗinshi? Kan nan a shafe yake, babu wurin da za su zauna." Ban ba shi amsa ba, don kafin in buɗe baki ya ba kansa. Ya ce ashe a gefen silinda suke, cikin jikin injin, irin na tsofaffin ƙananan injunan ban ruwa. Haka ne kuwa. Saboda wannan shafaffen kai ne ma Amurkawa suka laƙaba wa injin suna. Mutumin da bai taɓa ganin motar ba, bai karanta layi ɗaya a kanta ba, ya gano ta daga ɗan guntun roba.

Daga nan kullum bayan la'asar sai ya zo zauren. Ni in ɗaga sashe, shi ya faɗi suna, kuma sau da yawa suna biyu yake faɗi. Buji, in kuma Katsina za ka aika a sayo, fulogi. Supap, can bawul. Kapo da bonet, bolan da sitiyari, bitas da giya. Bakaniken Maradi yana koyon aiki da kalmomin da suka zo ta Faransanci, yana sayen kayan gyara da waɗanda suka zo ta Ingilishi, kuma ba ya rikicewa, ya san wa ake gaya wa wanne. Na lura ba ko ɗaya da ta shigo yadda take. Hausa ba ta yarda da baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma ba, sai ta cusa wasali a tsakani, ta mai da p ta zama f, ta liƙa wani wasalin a ƙarshe, ga fulogi. An rage nan, an ƙara can, har kalma ta dace da bakin mai ita. Na san abin da kuke tunani, ni ma na yi tunaninsa: ai abin da samarin Kalifoniya suka yi wa Ford ke nan. Amma malaminmu na ilmin sauti yakan ce kwatance ba hujja ba ne, don haka na bar shi a nan, ba zan sa shi a memwar ba.

Rigima ta taso ne ranar da na gaya masa zan yanke rufin. Masu hot rod sukan yanke ginshiƙan da ke riƙe da rufin mota, su cire inci biyu ko uku ko fiye, su sake walda. Motar ta yi ƙasa, iska ta rage tare ta, tagogi su ƙanƙance kamar idon mai harara. Inci uku a ma'aunina milimita uku ne.

Kawu ya ce, "Mota lafiya lau, ka sare mata kai? Wagga ɓarna ce." Ya ce shi duk rayuwarsa mai da mota yake yi yadda mai ƙera ta ya yi ta, kuma wanda ya ƙera bai fi ka wauta ba. Na ga ransa ya ɓaci da gaske, kuma na ji tsoro, don ƴar hanyar da ta buɗe tsakaninmu ba ta yi ƙwarin da za ta ɗauki gardama ba. Ga shi kwali ɗaya ne. In yankan ya karkace babu kantin da zan je in sayo wani.

Na yi shiru kwana biyu. A na uku na tambaye shi, cikin ladabi, lam nawa Fijo 504 bashe take zuwa da su a baya, kuma nawa take fita da su daga garejinsa. Yaran gareji suka fara ƙunshe dariya. Kowa ya san aikin Kawu ne ƙara lam, da ɗaga bayan mota, da ƙera kariya a sama, don motar da aka yi wa wani kaya ta ɗauki ninkinsa ranar kasuwa, da buhuna da awaki da mutane a bisa. Ya dube ni ya ce, "Wancan don abinci ne." Na ce haka ne, Kawu. Kuma har yanzu ina ganin amsarsa tana da nauyi. Su can suna rage wa mota kaya don ta yi gudu ranar hutu, mu nan muna ƙara mata ƙashi don ta ciyar da gida. Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake hannun da ke yi iri ɗaya ne. Bai ce ya yarda ba. Abin da ya ce shi ne, in dai sai na yanke, to kada in yanke da ido, in auna.

Shi ya nuna mini yadda zan yi. Muka yanka siririn salatif mai faɗin milimita uku, muka zagaye ginshiƙan da shi, ya zama iyaka sama da ƙasa. Zarto ya yi wa aikin girma, don haka da zaren ɗinki na yanke: in ka ja shi gaba da baya a kan irin wannan roba, zafin gugar yana cin ta a hankali, layi siriri. Kawu ya riƙe jikin motar da yatsu biyu, hannunsa da ke ɗan rawa in ya ɗauki kofin shayi bai motsa ba. Da muka ɗora rufin, ginshiƙan gaba ba su haɗu daidai ba, don a ɗan kishingiɗe suke. Ya ce in ɗan tsaga gindinsu in kwantar da su baya kaɗan, haka ake yi wa ƙarfe. Ramukan da suka rage na cike da gam mai kama nan take haɗe da garin bikarbonat, wanda ke daskarewa ya yi tauri, na bi da samfefa. Gilasan kwali sun yi tsawo yanzu, sai na yanko sababbi daga farar robar kwalin riga.

Sauran kayan aikin duk na tsince-tsince ne. Reza, tsinken sakace, abin goge farce na ƙanwata. Wayoyin buji takwas daga cikin matacciyar wayar caja na zaro su. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai wancan a rana ɗaya ake gamawa a ja ta a lungu, wannan kuwa wata huɗu ke nan.

Fenti ne ya tsayar da ni. Da hunturu ƙura ba ta barin ɗanyen fenti, ko ka rufe da kwano sai ka tarar ta riga ka shiga. Da bazara kuma, a zafin Yamai, feshin yana bushewa a iska kafin ya sauka, jikin mota ya yi kaushi kamar bangon laka. Na sayi baƙi a Katako da jika biyu daga cikin burs ɗina, yana ƙarƙashin gado, ina jiran ruwan farko ya kwantar da ƙasa.

Injin dai ba ya wurina. Ranar da zan komo Kawu ya ce in bar masa shi, wai yana son ya nuna wa yara yadda supap ke zama a gefe. Ya sa shi cikin kwalin ashana ya jefa a aljihun gaba. Na ce to motar fa, Kawu, haka za ta zauna ba inji? Ya ce in na zo hutu in taho da ita a ɗora, kuma in zo da kayen nan nawa, akwai sunayen kayan cikin bitas da bai gaya mini ba tukuna.