Injin Gahawa Da Kuɗin Takina

A wannan watan ba sharhin fim zan yi maka ba, ba kuma nazarin littafi ba. Asirin kaina zan tona, domin an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni mutumin Batsari ne, aikin koyarwa ya kai ni Safana, can nake zaune da iyalina. Da rana ina aji, da dare kuma in yara sun yi barci sai in jawo takardu in hau rubutun labarai. Duk wanda ya san rubutun dare ya san babban abokin gabarsa gyangyaɗi ne. Shekara da shekaru maganin gyangyaɗina yana teburin mai shayi: bayan sallar isha'i in je a zuba mini Nescafé da 'yar madara, a taɓa hira, in dawo ido garau.

To, ka dai san halin da yankinmu na bakin dajin Rugu ya shiga. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita yawon babura da dare, duk saboda 'yan bindiga. Tun kafin nan ma hirar dare ta mutu. Mai shayi kan kwashe kayansa da wuri, kowa ya shige gida ya ja ƙofa. Sai ya zama dole in koyi haɗa abina da kaina.

A nan ne fim ya yaudare ni. Kai ma na san ka sha gani a finafinan Amurka: ɗan sanda ko ɗan jarida ya shigo ofis da sassafe, ya nufi wani ɗan inji mai tulun gilashi, baƙin ruwa na ɗiga ɗis-ɗis, ya tsiyaya ya kurɓa, sai ka ga kamar duk basirar duniya a cikin tulun nan take. Kuma kada in ɗora wa Turawa laifin su kaɗai. Mu marubuta mun fi kowa iya ƙawata kicin. Ni da hannuna na taɓa rubuta wata jaruma tana danna irin wannan inji a gidan mijinta, alhali a lokacin da fitilar ƙwai nake rubutun, ban kuma taɓa ganin injin ido da ido ba.

Ana nan a 2022 wata hidima ta kai ni Kano. A aljihuna akwai kuɗin da na ware don sayen takin zamani na gonar da nake nomawa a gida Batsari. Ina wucewa ta wani shagon kayan gwanjo sai ga shi a kan kanta, baƙi, yana sheƙi, sak na cikin fim. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ɗan Amurka ne, ba ya mutuwa." Da na ji kuɗin bai kai rabin na sabo ba sai na ce na tsinci dami a kala. Na gutsuri kuɗin taki na biya, ban ko ce a gwada ba.

Da na iso gida uwargida ta zagaya shi ta duba, ta ce, "Malam, wanga abu mi za ya yi muna?" Na ce ta zuba ido. Sai da muka yi kwana uku kafin a kawo wuta. Bakin fulogin bai shiga soket ɗinmu ba, na nemo adafta na haɗa, na zuba ruwa, na danna. Ko minti biyu ba a yi ba sai muka ji fat! Wari ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, yara suka ruga waje. Ita dai ba ta ce uffan ba, ta buɗe taga ta koma kan tsintar shinkafarta. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai wa wani mai gyaran rediyo. Ya kifa shi, ya nuna mini wani ɗan rubutu a gindinsa: 120V, 900W. Ya ce, "Malam, kai da kake koya wa yara karatu, ba ka karanta nan ba?" Ashe wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Na ɗura masa ninkin abin da zai iya ɗauka, ƙarfen da ke dafa ruwan ya ƙone ƙurmus. Ya ce akwai tiransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki nauyin wannan ta fi injin tsada. Cinikin biri a sama ke nan. A daminar nan rabin gonata ba ta ga taki ba, kuma da kaka buhunan da na ɗauko suka ba da shaida a gaban kowa.

Kunya ta sa na yi wata da watanni ban ƙara tada zancen ba, har sai da na ziyarci wani abokina malami a Dutsin-Ma, wanda ya yi karatu a waje. Yana da irin injin, amma mai dacewa da wutarmu. Da ya gama yi mini dariya sai ya ara mini na mako biyu, ya haɗo ni da garin gahawa da takardun tacewa. A wannan aron ne na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko.

Aikin injin ba wani sihiri ba ne. Akwai ma'ajin ruwa a baya, da ƙarfe mai zafi a ƙasa. Ruwan na sauka ya tafasa, tururi ya tunkuɗa shi sama ta wani siririn bututu, ya yayyafu a kan garin gahawa, ya ratsa ta mataci ya ɗiga cikin tulu. Shi ke nan. Ɗanɗano kuwa mai daɗi ne, ya sha bamban da na gwangwani, ƙamshinsa har zaure.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Na farko, dafa ruwa da lantarki cin wuta ne da shi. Irin waɗannan injina na jan wat 600 zuwa sama da 1,000. Ɗan ƙaramin janareton nan namu da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 650 ba. Ina haɗawa ya yi gurnani ya mutu. Balle bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wa zai ƙona fetur don kofi ɗaya? Na biyu, ba a zuba masa Nescafé, domin shi an riga an dafa shi an busar, narkewa kawai yake yi. Injin garin 'ya'yan gahawa soyayyu yake so, kuma ban taɓa cin karo da shi a kantunan Safana ko na Batsari ba, sai an yi sautu Katsina ko Kano. Na uku, takardar tacewa sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Na huɗu, ruwan burtsatse kan bar farin ɓawo a cikin bututu, in ba a wanke shi da ruwan kal lokaci-lokaci ba ya toshe. Na biyar, tulun gilashi ne, gida kuma da yara. In ya fashe samun daidai shi aiki ne.

Saboda haka mai karatu, in kana zaune inda wuta ke samuwa ko kana da babbar sola, kuma ranka ya biya, ba zan hana ka ba. Sai dai ka kifa injin ka karanta gindinsa, ka tabbatar an rubuta 220 zuwa 240V. Ka zaɓi ƙarami, mai kofi huɗu zuwa shida, domin ya fi sauƙin wuta. Ka nemi mai matacin raga da ake wankewa a mayar. Mai maɓalli ɗaya ya fi mai agogo da fitilu, don su ne ke fara mutuwa in wuta ta yi rawa. Kada ka bar gahawar ta daɗe a kan farantin zafi, ɗaci take yi; juye ta a filas. Sannan kada ka biya sai an gwada a gabanka.

Ni kuwa mafitata daga inda ban zata ba ta zo. Ranar da zan mayar da kayan aro, uwargida ta ce, "Yo Malam, in dai ruwan zafi ne za ya ratsa gari ya ɗiga, mi ya raba shi da tatar koko?" Ta ɗauko sabon mazurari, ta yanko ƙyallen alawayyo mai tsabta ta ɗinka shi kamar hula mai tsini, ta zura a ciki, ta ɗora a bakin filas. Ta tafasa ruwa a buta a kan gawayi, ta bari ya ɗan huce kamar rabin minti, ta jiƙa garin da kaɗan, sannan ta riƙa zubawa a hankali tana zagayawa. Cikin minti huɗu an gama. Na kurɓa, na rasa abin da zan ce, domin ban ji bambanci da na injin ba.

Da na ba abokina labari sai ya ce ai asalin abin ke nan. A 1908 wata matar aure a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tsakin gahawa a baki, ta huda gindin wata 'yar tukunyar tagulla da ƙusa, ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace. Injin lantarki daga baya ya zo: Wigomat a Jamus a 1954, sai Mr. Coffee a Amurka a 1972, irin wanda ya cika finafinansu. Ka ga ashe dabarar tun farko ta matan gida ce, a hannunsu kuma ta ƙare a gidana.

Yanzu ma'aunina babban cokali biyu na gari ga kofi ɗaya, wato kusan giram 60 ga litar ruwa. In na samu 'ya'yan, ko na Habasha ko namu na tsaunin Mambila da Filato, a wani ɗan turmi na daban ake daka mini, kada ya yi laushi kamar fulawa. Mun taɓa gwada turmin miya, muka sha gahawa mai ƙamshin daddawa. Ƙyallen kuma a wanke shi da ruwa zalla a shanya. Kofi biyu nake sha, ba na wucewa, don in ta yi yawa takan sa faɗuwar gaba, mu kuwa a nan muna da isasshiyar faɗuwar gaba.

An ce araha ba ta ado, amma ni abin da na koya ya ɗan wuce haka. Mai araha shi ne wanda gidanka zai iya riƙewa, da wutarka da ruwanka da aljihunka. Gidan cikin fim na wani ne, sau tari ma aronsa aka yi. Ƙonannen injin yana nan a kan kabad, uwargida na ajiye allura da zare a tulunsa. Ita kuma waccan jarumar tawa, na koma kan labarin na ƙwace injin daga hannunta, na ba ta buta da mazurari.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya zaunar mana da yankinmu lafiya, har mai shayi ya dawo da hirar dare, amin.